Waƙar da ta ci Tahoua, wa ya ƙirga ta?

A nan Faransa, inda wasunmu ke zaman ci-rani, in gardama ta tashi kan waƙar da ta fi tashe a wata shekara, ba a daɗewa. Akwai jerin Top 50 da Canal+ da Europe 1 suka fara a 1984, mako-mako, a rubuce. Ingila ta fara nata a 1952, Hot 100 na Billboard a Amurka kuwa tun 1958. Je ka fada a Yamai ko Tahoua ka yi wannan tambaya. Kowa zai rantse da tasa, shayi ya ƙare ba a rabu ba.

Ba waƙa muka rasa ba, lissafi ne babu. Dubi mawaƙi Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar a 2008, waƙoƙin suka bi Bluetooth da katin memuwar daga salula zuwa salula har Mali. Da ana ƙirge, da sun yi makonni a sama. Sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sa ɗaya daga cikinsu a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011 sannan ta shiga littafin duniya. Bombino, mawaƙin Agadas, ma haka: kundinsa Nomad na 2013 ya hau lamba ɗaya a jerin Billboard na kiɗan duniya, kundinsa Deran ya kai shi takarar kyautar Grammy. Duk an rubuta, amma matsayin waƙoƙinsa a Agadas ko Yamai a waɗannan shekaru, sai dai ka tambayi masu biki.

Su nan Faransa yaya suke yi? Mako na farawa Juma'a, ya ƙare Alhamis. Kowace waƙa na da lamba mai alama 12, ISRC, wadda ke bin ta duk inda aka buga ta. SNEP, ƙungiyar kamfanonin kiɗa na Faransa, ke ba da shaida: saurare miliyan 15 waƙa ta zama ta zinariya, kundi kuma sai ya kai kwatankwacin sayar da kwafi 50,000. Kar a ce tsarin ba shi da aibu, don akwai masu sayen sauraren bogi, kuma kamfani mai kuɗi ya fi iya tura nasa gaba. Amma ko ƙarya aka yi, akwai takardar da za a kama mutum da ita.

A gida Nijar matsalar daga sunan fayil take farawa. Mai tura waƙa a kasuwa ya canza suna, wani ya yanke kai ya sa tallarsa, mutum biyar su ɗora ta YouTube, lambar kallo ta rabu biyar, mai waƙar bai da ko ɗaya. Abin da ya bi WhatsApp kuwa ya tafi ke nan.

Shi ya sa ban yarda a kwafo tsarin Faransa kai tsaye ba. In aka dogara da Spotify, za a ƙirga kunnen ƴan ci-rani ne, ba na Tahoua ba. Gara a fara da abin da ke hannu: gidajen rediyo kamar Voix du Sahel, Anfani da Ténéré su riƙa rubuta suna, mawaƙi da lokacin duk waƙar da suka sa, a zaɓi masu tura waƙa goma a Yamai, goma a Tahoua, su ba da biyar da aka fi nema kowane mako, a ƙara da masu kiɗan biki. Hukumar BNDA, da ke kula da haƙƙin mawallafa, ita ta dace ta riƙe rajistar, mawaƙi kuma ya yi rajistar waƙarsa kafin ya sake ta, ba bayan ta bazu ba.

Gasar kiɗa ta Dan Gourmou, tun 1987, tana faɗa mana wanda alƙalai suka zaɓa. Wanda mai kabu-kabu da amarya suka zaɓa shi ne ba mu taɓa rubutawa ba.