Malamanmu na zango, wa ke tunawa da su?

Jama'a salamu alaikum. Duk shekara ranar 5 ga Oktoba ana bikin ranar malamai, a nan Ghana har gwamnati na ba da kyautar Ghana Teacher Prize, kuma abin ya yi kyau wallahi, sun cancanta. Amma ni in ranar nan ta zo hankalina lungunan Aboabo da Asawase na Kumasi yake komawa, wurin malaman makarantar allo da ba a taɓa kiran sunansu a rediyo ba balle a ba su lambar yabo.

Mu 'yan zango karatu biyu muka yi, Litinin zuwa Juma'a sukul, Asabar da Lahadi makaranta, wani ma kullum da yamma in ya cire yunifom sai ya ɗau allo. Tichan sukul ko albashin bai isa ba yana da shi, yana da asusun fansho na SSNIT, yana da ƙungiyar tichoci ta GNAT da za ta tsaya masa in an taɓa shi. Malamin makaranta fa? ɗan abin da yara suka kawo ne, yau a kawo gobe a ce baba bai samu ba, kuma ban taɓa ganin malaminmu ya kori yaro saboda kuɗi ba, sai dai ya ce zauna ka biya karatunka. Mutumin nan ɗinki yake yi da safe don ya ci da iyalinsa, da la'asar ya zauna kan buzu mu kewaye shi da hayaniya, ya tsaya a kan harafi ɗaya yana maimaita maka har bakinka ya faɗe shi daidai. Fatihar da nake karantawa a kowace sallah daga bakinsa na ɗauka, ku duba girman wannan fa.

Kuma zango ai da malamai aka gina shi. Alhaji Umaru Kete Krachi haifaffen Kano ne, ya zauna Salaga, ya rasu 1934, ɗalibansa suka bazu cikin zanguna suna karantarwa. Shi kansa babban limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu da aka haifa 1919, nan Kumasi ya zo ya yi karatu wurin Malam Abdullahi Ɗan Tano. Duk babban da kuka gani akwai wanda ya riƙe masa hannu yana ƙarami. A 1987 aka kafa Islamic Education Unit, makarantun islamiyya da yawa suka shiga ƙarƙashin gwamnati aka turo musu tichoci, an samu ci gaba sosai, amma malamin da ke karantarwa a zaure ko a barandar masallacin unguwa yana nan yadda yake.

Ban manta da na sukul ba. Akwai wata madam da ta koyar da mu lissafi a JHS, wato ƙaramar sakandare, Ba'ashantiya ce kuma Kirista, da ta ga wata yarinya a ajinmu ta daina zuwa ana dab da jarrabawar gama JHS ta BECE da ƙafarta ta tako har cikin zango, ta zauna da iyayen tana roƙo da Twi ana fassarawa har suka yarda. Yarinyar nan yau nas ce. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ba danginta ba ce ba addininsu ɗaya ba amma ta ɗauke ta 'ya.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ba rowa gare mu ba. In aure ya tashi ko suna za ka ga an fitar da yayi kowa ya saya, an kafa kanofi an tare hanya, ana liƙi har dare, amma malamin da ya karantar da amarya da ango da rabin mutanen wurin yana gida katinsa na inshorar lafiya, NHIS, ya mutu ba wanda ya sani. Sai ranar da aka ce ya rasu sannan hotonsa ya cika status, kowa na rubuta babanmu babanmu, a cika maƙabartar Tafo. Addu'a na da kyau kuma za ta kai masa in sha Allah, amma maganin hawan jini yana raye yake buƙatarsa, kuɗin haya ma haka.

Mu 'yan makarantarmu mun buɗe guruf a WhatsApp, har da na Amurka da Jamus da Saudiyya a ciki, kowa na turo abin da ya sawwaƙa ta MoMo, wato kuɗin waya, ƙarshen wata, mutum biyu su kai wa Malam hannu da hannu su zauna su gaisa, don zaman ma yana so ƙwarai, yana tambayar kowa da sunansa na yarinta. Wanda malaminsa ya riga mu gidan gaskiya ya nemi iyalin, galibi akwai Hajiya a gidan da ta dafa mana koko shekara da shekaru.

Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci za mu je gaishe da Malam, duk wanda ya yi karatu a zauren nan ya min magana ta inbox mu haɗu mu tafi tare.