Tsinken tsintsiya da wayar hannu: zanen giraf a Katsina da Kumasi

Shekara 9 na yi ina koyar da lissafi a wata sakandare a Katsina kafin neman abinci ya kawo ni Kumasi. Yanzu shekarata 6 a unguwar Aboabo. Da rana ina shago, bayan sallar Isha'i kuma yaran gidan da nake haya da na maƙwabta sukan taru a barandar ɗakina da littattafansu. Tun ranar da aka ji cewa na taɓa riƙe alli suka fara zuwa, ni ma kuma duk daren da ba su zo ba sai in ji kamar na yi mantuwa.

Daren farko da 'yar mai gidanmu, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ta kawo mini aikin giraf, sai da na ji wani abu ya taɓa mini zuciya. Ta buɗe takarda mai ƙananan gidaje, ta fiƙe fensir, ta ajiye rula, sannan ta je bayan ƙofa ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya. Da shi za ta lanƙwasa layin ya bi ta kan ɗigogin da ta sa. Haka muka yi muna ɗalibai, haka na koya wa nawa ɗaliban a Katsina. Tambayar ma iri ɗaya ce: kwafi wannan jadawali ka cike gurabensa, ɗauki santimita 2 a matsayin 1 a layin x, santimita 2 a matsayin 5 a layin y, zana, sannan ka faɗi inda layin ya ratsa. Ba abin mamaki ba ne, don hukumar WAEC da aka kafa a 1952 hedikwatarta a Accra take, kuma ita ce ke shirya jarrabawar kammala sakandare a Gana da Najeriya da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Ɗan Ƙofar Soro a Katsina da ɗan Asawase a Kumasi kusan tudu ɗaya suke hawa.

Ciwonmu ma ɗaya ne. Yaro zai shafe minti 40 yana lissafa gurabe, yana gogewa, yana sake sa ɗigo, ya fitar da layi guda ɗaya tak. A zangon karatu guda da wuya ya zana fiye da 5 ko 6. Ya iya aikin, zai ma iya cin makin. Amma ka tambaye shi, "Wannan lambar ta ƙarshe, me take yi wa zanen? In na canza ta, me zai faru?" sai ya yi shiru yana kallonka. Bai taɓa ganin zanen ya motsa ba. A wurinsa giraf wani abu ne da ake ginawa da wahala a miƙa wa malami, a rufe littafi. Na yi shekaru ina ganin wannan shirun a idon yara, ina ɗauka rashin ƙoƙarinsu ne. Yanzu na gane cewa kayan aikinmu ne suka taƙaita abin da za su iya gani.

Aikin da yarinyar ta kawo shi ne y = x² − 2x − 3. Na bar ta ta gama da hannunta. Ta samu 5, 0, −3, −4, −3, 0, 5 daga x = −2 zuwa x = 4, ta lanƙwasa tsinkenta, zanen ya fito kamar ƙwarya a buɗe, gindinta a −4, ta ratsa layin x a −1 da 3. Daidai. Sai na ciro wayata na buɗe Desmos, wata manhajar zana giraf, na rubuta y = x² − 2x + c. Manhajar ta ba da ɗan madanni da ake ja hagu da dama don canza c. Na sa shi a −3, ƙwaryarta ta fito a fuskar wayar kamar an ɗauko ta daga littafinta. Na miƙa mata na ce ta ja.

Ta ja a hankali. Ƙwaryar ta fara ɗagawa sama, wuraren nan biyu da take ratsa layin x suka riƙa matsowa kusa da juna. Da c ya kai 1 suka haɗe wuri ɗaya, gindin ƙwaryar ya zauna a kan layin daidai x = 1. Ta ƙara ja kaɗan, ƙwaryar ta rabu da layin gaba ɗaya. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, ya tashi! Ba ya taɓa layin kuma." Na ce to lissafa mini b² − 4ac a nan, c yana 2 (a, b da c su ne lambobin da ke cikin y = ax² + bx + c). Ta samu −4. Ta yi ɗan jim, sannan ta ce, "Ashe shi ya sa ake cewa in ya zama ƙasa da sifili babu amsa." Wannan ƙa'idar ta haddace ta tun bara. A daren nan ta san abin da take nufi, cikin abin da bai kai minti 3 ba. Ƙannenta biyu da ke aji uku na ƙaramar sakandare suka yi ta rigimar a ba su su ja, ɗayan ya sa alamar ragi a gaban x², ƙwaryar ta kife, suka kwashe da ihu har mahaifiyarsu ta leƙo.

Desmos da takwararta GeoGebra ba sababbin manhajoji ba ne, kuma kyauta ne. GeoGebra wani ɗan ƙasar Ostiriya ne, Markus Hohenwarter, ya fara ta a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg. Desmos kuma Eli Luberoff ne ya kafa ta a Amurka a 2011, yanzu har an saka ta cikin jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta. Duk biyun suna sauka a wayar Android, kuma in ka sauke su sau ɗaya za ka iya zana giraf ba tare da intanet ba. Abin da suke yi shi ne abin da yarinyar ta yi da fensir: su ɗauki x, su lissafa y, su sa ɗigo. Ita ta yi 7, su suna yin ɗaruruwa kafin ƙiftawar ido, kuma su sake yi duk lokacin da ka taɓa lamba.

To a nan ne nake kwatanta gida da nan, kuma kwatancin yana damuna.

A nan Gana an fi mu samun kayan. Wuta ta fi zama a Kumasi fiye da yadda na saba a Katsina, ko da yake mutanen nan ba su manta da shekarun dumso ba, wato lokacin yawan ɗauke wuta. Tun Satumban 2017 babbar sakandare ta zama kyauta, abin da ya sa 'ya'yan zango da yawa da a da za su tsaya a ƙaramar sakandare suka wuce gaba. A 2024 gwamnati ta ƙaddamar da shirin raba wa ɗaliban babbar sakandare kwamfutar hannu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah a cikin garin nan, yaro yana iya hawa trotro, wato ƙaramar motar haya, ya je ya ga inda yake burin shiga. Amma duk da haka yaran da ke zuwa barandata, ko ɗaya bai taɓa ganin an zana giraf da na'ura a aji ba. Ana hana ɗaliban sakandare riƙe waya a makaranta, musamman ta kwana, kuma na fahimci dalilin, ni ma uba ne. Sai dai malami yana da waya. Babu dokar da ta hana shi ya ɗaga ta sama na minti 5, ko ya zagaya da ita layi-layi. Abin da ya hana shi, a ganina, shi ne abin da ya hana ni a Katsina: manhajar karatu ta yi yawa, jarrabawa na tafe, kuma shi kansa da tsinken tsintsiya aka koya masa.

A gida kuwa kullum hujjarmu ita ce babu ɗakin kwamfuta, in akwai babu wuta, in akwai janareta babu mai. Gaskiya ne, na zauna a cikin wannan halin. Amma mun daɗe muna jiran ɗakin kwamfuta alhali abin yana aljihunmu. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, iyaye suna biyan kuɗi a koya wa yaro riƙe linzamin kwamfuta na mako biyu don ya shiga. Mun yarda na'ura ta jarraba yaro, ba mu yi tunanin ta koya masa ba.

Akwai kuma wata dukiya da malamin Katsina yake da ita wadda malamin nan ba shi da ita, ita ce harshe. A ajina na da, kusan kowa Hausa yake ji. In Turanci ya ƙi shiga, sai in sauko in ce ƙwarya a buɗe, ƙwarya a kife, gindin ƙwarya, gangare da hawa, nan take fuskoki su saki. Yaron zango a Kumasi yana Hausa a gida da makarantar allo, yana yaren Twi a kasuwar Kejetia da kan titi, yana Turanci a aji, wani ma ga Dagbani ko Mosanci a wurin kakanni. Wannan baiwa ce babba. Amma a ajin lissafi da wuya ya samu wanda zai fassara masa abin da harshen da yake mafarki da shi. Shi ya sa na ga manhajar ta fi yi wa yaran nan amfani fiye da yadda na zata, don motsin zane ba ya buƙatar tafinta. In da malaminmu na gida zai haɗa Hausar da yake da ita da wannan motsin, da ya yi nisa. Kuma kada wani ya ce lissafi baƙon abu ne a wurinmu. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, Bakatsine ne, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambaton aikinsa kan murabba'an lambobi, wato jadawalin lambobi da jimillar kowane layinsa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, take zama ɗaya.

Wani abokina da muka koyar tare, da na ba shi wannan labarin a waya, ya ce, "Malam, za ka lalata yara. In na'ura za ta zana, wa zai koyi zanawa? Kuma a ɗakin jarrabawa fensir za a ba shi." Ban raina maganarsa ba, rabinta ma na yarda da ita. Yaron da bai taɓa cike jadawali da hannunsa ba, bai taɓa shan wahalar −2 sau −2 ba, in ka ba shi Desmos kallon talabijin kawai zai yi. Shi ya sa a barandata doka ce: fensir tukuna. Ka zana ɗaya da hannunka, ka faɗa mini abin da kake tsammani zai faru in an canza lamba kaza, sannan a taɓa waya a ga ko ka canka. Yaron da ya ce "zai yi sama" ya ga ya yi gefe, ba ya mantawa.

Kuma na'urar kanta tana iya ruɗa wanda bai san kan abin ba. Wani yaro mai lissafin zaɓi ya aro wayar yayansa ya rubuta y = sin x, ya buɗe layin x daga 0 zuwa 360 yadda aka saba a aji. Maimakon igiya ɗaya mai hawa da sauka, sai ya ga igiyoyi 57 a cunkushe kamar haƙoran mashaci. Ya zo mini rai a ɓace, yana cewa ko littafi ya yi ƙarya ko waya. Babu wanda ya yi ƙarya. Manhajar tana auna kusurwa da radiyan ne sai in ka canza ta zuwa digiri, kuma a radiyan igiya ɗaya tana cika a wajen 6.28. Dannawa ɗaya ta gyara zanen, amma bayanin ya ci mana rabin awa, kuma rabin awar nan ta fi zanen daraja. Haka in ka rubuta y = (x² − 1)/(x − 1), za ka ga miƙaƙƙen layi sumul, ba za ka ga cewa akwai rami a x = 1 ba, inda ake raba sifili da sifili. Wanda ya san aljabara ne kaɗai zai san ya nemi ramin. Don haka tsoron abokina cewa malami zai rasa aiki ba shi da tushe. Aikin zai ƙaru ne, don yara za su fara kawo tambayoyin da ba sa cikin littafi, kuma ina zargin wannan ne wasunmu ke gudu.

Abin da nake roƙon malaman lissafi na gida, daga Katsina zuwa Zariya zuwa Maraɗi, da 'yan'uwanmu masu koyarwa a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na Accra, ƙarami ne. Ku sauke ɗaya daga cikin manhajojin nan yau. Ku zauna da ita dare biyu ku kaɗai, ku rubuta y = ax² + bx + c, ku ja madannin a, ku ja na b, ku ja na c. Na b zai ba ku mamaki, don ƙwaryar ba sama ko gefe kawai take tafiya ba, gindinta yana bin wata ƙwaryar a kife, abin da ni kaina ban lura da shi ba duk shekarun da na yi ina koyarwa. Sannan ku shiga aji da ita.

Makon jiya mahaifiyar yarinyar nan, wadda ke sayar da koko da ƙosai a bakin titi da asuba, ta tsaya a baranda tana kallonmu. 'Yarta ta tambaye ta nawa take kashewa kan gero da gawayi da sukari kafin ta fara ciniki, da nawa take sayar da kofi. Muka ɗauki sidi 60 (kuɗin Gana) na kashewa da sidi 5 na kofi ɗaya don lissafin ya yi sauƙi. Yarinyar ta rubuta y = 5x − 60, layin ya taso daga ƙasa ya ratsa layin x a 12, wato kofi 12. Ta nuna mata da yatsa ta ce, "Mma, nan ne kuɗinki ke dawowa, daga nan sama riba ce." Uwar ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "To in gero ya ƙara tsada fa?" Yarinyar ta goge 60 ta sa 80, layin ya zame zuwa 16.