Kun san Sindarela, to ina kuka bar 'yar bora?

'Yan uwana matasan Agege da Idi-Araba da Obalende a Legas, musamman ƙannena mata, da ku nake.

Na karanta irin littattafan nan da kuke yayi a waya, waɗanda ake ɗauko tsohuwar tatsuniyar Turawa a sake mata zubi. Yarinyar ta daina zaman jiran ɗan sarki, kishiyar uwa ma an ba ta baki ta faɗi uzurinta. Akwai gwaninta a ciki, ba na hana ku karantawa.

Amma me ya sa suke muku daɗi? Don kun san ta asali. Sindarelar da Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697 tana kanku tun kuna firamare, shi ya sa da marubuci ya karkata kuke ganewa. To a tare yarinyar da ta tashi a Legas a ce mata "Ga ta nan, ga ta nanku", sau da yawa sai ta yi zuru, ba ta san ana amsawa da "Ta zo mu ji ta" ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Muna da 'yar bora da aka tura wanki ruwan Bagaja don a wahalar da ita. Ta gamu da abubuwan al'ajabi a hanya, ba ta yi musu dariya ba, ba ta raina su ba, ta dawo da arziki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta kwaso abin da ta kwaso. Wa zai ba mu labarin nan daga bakin 'yar mowa, yarinyar da uwarta ta lalata da gata? Ko ya dawo da gidan cikin hayar Legas, inda kishiyoyi ke layin famfo ɗaya?

Ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. Abubakar Imam ya ɗebo labaran Larabawa da na Turawa a Magana Jari Ce tun 1937, ya sa musu rigar Hausa har ba ka ganin ɗinkin.

Kakanninku da suka riƙe tatsuniyoyin nan suna ta tafiya, jama'a. Mai kaka a gida ya zauna gabanta bayan isha'i. Wanda tasa ke Arewa ya sa kati ya kira ta, ya ɗauki muryarta har da waƙoƙin ciki, don su ake fara mantawa. In kun samu, ku rubuta da Hausa tukuna.