Wa zai zo idan mashin ya mutu a daji?

Shekarata takwas ke nan a Riyad, ina aiki a wani garejin gyaran babura. Ni mutumin ƙasar Ƙaura Namoda ne, kuma a can na koyi kwance inji wurin kawuna, tun ina yaro mai miƙa sifana da wanke fulogi a cikin gwangwanin fetur. Mashin ɗin da ake kawo mana a gida Boxer ne da Jincheng, wanda ya sha buhunan gero har kariya ta lanƙwashe. A nan kuwa, da zarar zafi ya sauka wajen watan Nuwamba, garejinmu cika yake da baburan hamada, KTM da Honda da Yamaha, dogaye, masu taya mai haƙora. Masu su ba kaya za su ɗauka ba, ba fasinja. Yashi kawai za su shiga, don sha'awa.

Wata Juma'a wani Balarabe da nake yi wa gyara ya roƙi maigidana in raka su Sumama, arewa da Riyad, saboda za su yi nisa kuma suna son bakanike a kusa. Mun isa bakin yashi gari bai gama wayewa ba. Na tsaya ina kallon shirinsa. Ya durƙusa ya rage iskar tayoyi, yana aunawa, don taya ta baje a kan rairayi kada ta nutse. Ya cika jakar ruwa ya goya, bututunta na reto a kafaɗarsa. Ya sa hular kwano, da sulken ƙirji, da takalmi har gwiwa. Sannan ya ciro wata 'yar na'ura wadda ba ta kai tafin hannu ba, ya maƙala a ƙirji. Na tambaye shi amfaninta. Ya nuna mini wani maɓalli da ke ɓoye ƙarƙashin murfi, ya ce: "Wannan da tauraron ɗan'adam take magana, ba ruwanta da sabis. Matata tana gida tana ganin inda nake. In na faɗi na danna nan, za a zo."

Za a zo. Yini na yi ina juya wannan magana a raina, don a lokacin ƙanena yana kabu-kabu tsakanin ƙauyenmu da Ƙaura.

A nan Saudiyya gasar Dakar, tseren motoci da babura a hamada, ita ce ta ƙara hura wutar wannan sha'awa, tun da aka kawo ta a 2020. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su san cewa ta bayan gidanmu aka haife ta ba. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur a hamadar Libiya a 1977 yana cikin tseren Abijan zuwa Nice. Da aka ceto shi, maimakon ya yi rantsuwar ba shi ba hamada, sai ya koma gida ya shirya gasa. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka tsallaka teku, suka bi ta Aljeriya, suka sauko Agadas, suka ratsa Mali, har Dakar. 74 ne kacal suka kai. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500. Agadas fa, inda kakanninmu ke tarbar ayarin gishirin Bilma, inda har yau da Hausa ake ciniki a kasuwa. Shi kansa Sabine a Mali ya mutu, a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, cikin Janairun 1986, gasar na gudana.

Ba na raina waɗannan mahaya, ko kaɗan. Wanda ya taɓa gyara musu mashin bayan sun dawo ya san abin da jikinsu ya sha. A yau injin babur ɗin gasar ba ya wuce cc 450, amma mutum zai tashi cikin sanyin asuba ya yi ɗaruruwan kilomita a yini, yawanci a tsaye a kan matakai, yana gudu yana karanta hanya a ɗan allon da ke gabansa, kwana goma sha wani abu. Suna shiga Rub'ul Khali, hamadar da ta kai faɗin murabba'in kilomita 650,000, tudun yashi bayan tudun yashi, ba itace ba rijiya. Ana mutuwa kuma. A shekarar farko da aka yi ta a nan, Paulo Gonçalves na Fotugal, gogaggen mahayi, ya faɗi bai tashi ba.

Amma dubi abin da ke bayan kowane ɗayansu. A jikin mashin akwai na'urar da ke nuna wa masu gasa inda yake a kowane lokaci. In ya tsaya inda bai kamata ba, ko ya sha ƙasa, za a kira shi ta na'urar a ji lafiya. In bai amsa ba, jirgi ya tashi da likita. An san inda zai sha mai, an san inda zai kwana. Daga 2021 ma an tilasta musu sa riga mai kumbura da iska idan mutum ya faɗi. Jarumtarsu gaskiya ce, sai dai jarumta ce wadda aka kafa wa rumfa. Abin da ya mayar da shiga dajin nan wasa, har mutum ya biya kuɗi mai yawa don a bar shi ya shiga, shi ne tabbacin cewa wani yana ƙirga shi, kuma in bai fito ba za a bi sawu.

Yanzu mu koma gida. Duk dabarar da na ji ana koya wa masu kuɗi a Sumama, ƙanena ya san ta ba tare da an ba ta suna ba. Wanda ya saba tsallake gulbin Gagare da rani, lokacin da ruwa ya janye ya bar rairayi mai zurfi, ya san ba a sakin totur a cikin yashi, ba a taɓa birkin gaba, ba a riƙe kan mashin da ƙarfi, barinsa ake yi ya yi rawarsa yana tafiya. Shi kuma yana yin haka da Boxer, da silifas a ƙafa, da buhu biyu da mai buhun a baya. Ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi, ka ga samari sun fito daga ƙauyukan da mota ba ta taɓa shiga ba, da akuya a ɗaure a gaban tanki. Da damina kuwa laka ce, da kwazazzabai da ruwa ya yanka cikin dare, hanyar da ka bi jiya yau babu ita.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a duk Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana hawan mashin da dare. A cikin waɗannan kwanaki naƙuda ta zo wa matar maƙwabcinmu da gardama. Ungozoma ta ce sai asibiti. Babu mota, babu wanda za a kira. Ƙanena ya ɗora ta, surukarta ta zauna a baya ta rungume ta, ya ja su a hankali har Ƙaura, ya isa bayan la'asar. Allah ya sauke ta lafiya. A hanyar dawowa ƙaya ta huda masa tayar baya a tsakiyar daji. Ba mai faci, ba famfo. Ya zauna ya ɓalle gefen taya, ya cusa ciyawa da tsummokara har ta ɗan tashi, ya ci gaba da lallaɓawa. Magariba ta riske shi saura tafiya.

Abin da ya yi daga nan shi ne yake hana ni barci. Da ya hango wani ƙauye da hanya ta ratsa, tun daga nesa ya kashe inji, ya kashe fitila, ya sauka yana turawa. Ya san ƙarar mashin da duhu ma'anarta ɗaya ce a kunnen mutanenmu yanzu. Mata za su suri yara su faɗa gona, 'yan sa-kai kuma za su ɗana bindiga kafin su yi tambaya. Haka ya riƙa tafiya yana ɗaga murya, yana sallama, yana faɗin sunansa da sunan mahaifinmu da sunan ƙauyenmu, har tocila ta haske masa fuska. Wani dattijo a cikinsu ya san Baba. A zaurensa ya kwana. Ni ban ji labarin ba sai bayan kwana goma sha tara, da wani ɗan'uwanmu ya je Sakkwato ya samu sabis ya kira ni. Da daga baya na yi wa ƙanen nawa faɗa a kan me zai sa ya kama hanya da yamma, cewa ya yi: "Yaya, in na kwana a Ƙaura, Inna ba ta da yadda za ta san ina raye."

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙarya ba ne. 'Yan bindiga a kan mashin suke zuwa, uku-uku, gomman mashina a jere. Ba don mashin ba da ba su iya fitowa daga dajin Sububu ko na Rugu su buga su koma kafin a ankara. Mun ga Jangebe a Fabrairun 2021, 'yan mata 279 da aka sace daga makaranta, mun ga Birnin Yauri a watan Yuni na shekarar. Wanda aka kashe wa uba, idan ya ce a ƙone duk wani mashin da ke jihar, ba zan yi masa gardama a ranar makoki ba. Waɗanda suka kafa dokokin nan ma na yarda neman mafita suke yi.

Sai dai a tambayi wanda doka ke kamawa. Mutumin da ya rataya bindiga ya kwana a daji ba ya jiran izini kafin ya tayar da inji, kuma mai kai masa fetur zai kai, tunda ribar ta ninka. Wanda ke ajiye mashin idan an ce a ajiye shi ne malamin firamare, da mai kai allurar rigakafi, da manomi, da ɗan kabu-kabu mai biyan kuɗin mashin kullum ga mai shi. A ƙauyen da ba kwalta, mashin shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ne ke kai labari ƙauyen gaba cewa an ga baƙin fuska a bakin gulbi. In ka raba mutanen kirki da shi, sannan ka kashe musu waya, ka bar dajin ga wanda bai ajiye nasa ba. A nan na ga an tsare mahayi ta hanyar ƙara sanin inda yake. A gida muna neman tsaro ta hanyar da ke sa ba wanda ya san inda kowa yake.

Gasar Dakar kanta ta ɗanɗani irin wannan tsoro. A 2000 sai da aka kwashe ta a jirage daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari a arewacin Nijar. A Disamban 2007 aka kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya, aka soke gasar 2008 gaba ɗaya, daga 2009 ta koma Kudancin Amurka, ta yi shekara goma sha ɗaya can kafin ta zo nan. Ban ga laifinsu ba, rai ba abin wasa ba ne, ko da yake ina tuna cewa a 2006 motocin gasar sun kashe yara biyu a bakin hanya, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal, ba a kuma tsayar da ita don su ba. Ita gasa tana iya naɗe tabarmarta ta canja nahiya. Mutumin Zurmi ko Ɗansadau gonarsa tana nan inda take, kuma gobe sai ya je.

Abin da ke ba ni takaici, wannan tsarin na ƙirga matafiyi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro ba su fita ɗai-ɗai. Akwai madugu, akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki, an san zangon da za a sauka, an san mutum nawa suka tashi, kuma ba a ɗaga zango sai an ga kowa. Yau kowace tashar kabu-kabu tana da shugaba, kowane ƙauye yana da mai unguwa. Me zai hana mashin ɗin kowane ƙauye ya zama sananne, da lamba a rubuce a jikinsa da riga mai lamba, da littafi a tasha: wane ya tashi ƙarfe kaza, ya nufi wuri kaza? A fita rukuni-rukuni ranar kasuwa. A bar waya a kunne, a gyara turakun sabis da aka lalata, a ba da lamba ɗaya wadda in an kira za a ɗauka, kuma a taso. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuyar, kuma shi ne aikin hukuma da ba wanda zai yi mata. Jirgi mai saukar ungulu ban roƙa ba. Mota ɗaya da mai a tankinta da mutanen da za su fito da dare, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

A 2024 ina gareji muna kallon ƙarshen gasar a waya, Ross Branch na Botsuwana ya zo na biyu a kan babur ɗin Hero, kamfanin Indiya, ƙasar da ke ƙera Boxer ɗinmu. Abokan aikina suna ta taya ni murna wai ɗan Afirka ne. Na yi murna. Amma fuskokin da nake gani a raina na samarin tashar Ƙaura ne, waɗanda da an ba ɗayansu irin wannan mashin da wata shida na horo, na yi imani da an ji sunansa. Su ba kofi suke nema ba ma. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lissafinsu kullum shi ne ko abin da aka samu zai biya fetur da mai mashin ya bar na cefane.

Da na je gida bara na kai wa ƙanena tayoyi biyu masu kauri, da ƙaramin famfo, da kayan faci, da hular kwano. Na yi niyyar saya masa irin na'urar Balaraben nan, har na tambayi kuɗinta, sai na tsaya ina tunanin wa za ta kira in ya danna. Ni za ta kira, ina Riyad. Na fasa. Abin da muka tsara shi ne kullum in ya shigo gida ya ɗan buga mini ya kashe. Riyad tana gaban gida da awa biyu, saboda haka lokacin da suke sallar magariba ni ina shirin rufe gareji, wayata tana kan teburin sifanu, fuskarta a sama.