Bindigogin da suka sauke ni a hanyar Zariya

Ni tela ne, ko bindigar toka ban taɓa harbawa ba. Ranar hawan sallah da 'yan bindiga suka biyo ta layinmu, a ƙarƙashin keken ɗinki yarana suka same ni, na ce musu allura nake nema. Amma in dai maganar gane bindiga ce a tsofaffin finafinan yaƙi, duk majalisarmu babu mai ja da ni.

Abin gado ne. Kakana yana cikin mazan jiyan da Turawa suka kwasa zuwa yaƙi a ƙasar Bama (Burma) a 1943, cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma. Hoto ɗaya ya bar mana, ya ƙame da gajeren wando, riƙe da Lee-Enfield, wadda yake kira "tiri-not-tiri". Tun ina yaro na haddace ta: harsashi 10 take ci, kuma da wani ƙarfe mai ƙululu a gefen dama ake ɗana ta, tamkar sakatar ƙofa. Da na girma na sami waya mai faɗin fuska, sai cutar ta yi tsanani. Ana tsaka da ruwan wuta a fim, zan tsayar, in buɗa hoton da yatsu biyu, in ga ko sojan can na baya bindigar roba aka ba shi, domin 'yan cika fage galibi ita ake miƙa musu. Uwargida ta daɗe da daina kallo da ni. Ta ce fim ɗin awa biyu a hannuna kwana uku yake yi.

Musun ya taso ne tsakanina da aminina, wani malamin firamare a Zariya, a kan fim ɗin Zulu na 1964. Labarin gumurzun Rorke's Drift ne a Afirka ta Kudu, cikin Janairun 1879, inda sojojin Ingila kimanin 150 suka kare wani ɗan sansani daga dubban mayaƙan Zulu. Bindigar sojan Ingila a lokacin Martini-Henry ce: harsashi ɗaya tal take ɗauka, kuma a ƙasa ake jan ƙarfen ɗana ta, bayan kunama. Ni kuwa na ga sakata a hannun sojojin sahun baya. Lee-Enfield ce, wadda ba ta shiga aikin soja ba sai 1895, shekara 16 bayan an gama yaƙin. Malam ya ce idona ne ya fara mutuwa saboda zura zare. Muka sa balangun dubu biyar.

Ranar Asabar na shiga mota daga Kano zan kai ɗinkin biki Zariya, in kuma karɓi namana. Mun wuce Kwanar Dangora sai ga kiransa. Ni kuwa in ina musu, muryata ba ta san akwai maƙwabta ba.

"Malam, ka saurare ni da kyau, bindigogin ba su isa ba! Na gaba kaɗai aka ba na ainihin. Na baya tiri-not-tiri aka haɗa musu da ita. Eh mana, mai cin goma. Ni da kaina na ƙirga su jiya da tsakar dare, bayan kowa ya yi barci. Manyan kuma ƙaramar Webley ce a hannunsu. Hotunan duk suna wayata, ka dai tanadi kuɗin, ina hanya."

Na kashe waya ina murmushin nasara. Hajiyar da ke cin gyaɗa a kujerar gaba ta daina tauna. Ƙaton da ya matse ni tun daga tasha ya tattara jikinsa, ya ba ni fili har ina iya miƙe ƙafa. Na ce a raina, ashe har yanzu akwai masu tarbiyya a ƙasar nan.

A shinge na gaba, direban da tun safe bai taka birki don kowa ba, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya fita ya yi wa wani jami'i raɗa. Hajiya ta leƙo ta taga tana nuna ni da haɓa.

"Mai shuɗiyar hula, sauko da jakarka."

Aka buɗe waya. Hoton bindiga ya fi ɗari biyu, wasu na zagaye su da jan layi. Hoton 'ya'yana uku ne kacal, ɗaya ma bai fito da kyau ba. Aka buɗe jaka, ga almakashi, ga littafin awo. Jami'in ya karanta da ƙarfi: "Alhaji, guda huɗu, dogaye, a kai kafin Juma'a. Ya ba da rabi." Ya ɗago ya dube ni.

"Yallaɓai, kaftani ne."

"Kaftani."

Da na yi shiru a nan, da wataƙila na tsira da wuri. Amma wani matashi a cikinsu ya matso yana gyara ratayar bindigarsa, ya ce in ban faɗi gaskiya ba yau zan san AK-47. Wallahi na yi ƙoƙarin danne bakina. Idona ne ya sauka kan bakin bindigar, na ga an yanke shi a karkace.

"Ranka ya daɗe, ai wannan AKM ce. Ta 1959. Ta fi ta farkon rashin nauyi."

Ya dubi bindigarsa, ya dube ni, ya ƙwala wa ogansu kira. Kafin ogan ya taso daga benci, direba ya ajiye buhun ɗinkina a ƙasa, motarmu ta ba ta wuta, ko canjina bai ba ni ba.

Ogan dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya zaunar da ni gindin dalbejiya ya ce in yi bayani tun daga farko. Na fara da Bama, ya ce in tsallake. Na kunna fim ɗin, na kai daidai inda Turawan suka jeru sahu-sahu suna harbi, na tsayar, na buɗa. Ya ciro tabarau. Na nuna masa ta hannun na gaba, babu komai a gefenta. Na nuna ta na baya, ga sakata zaune daram. Na ƙara da cewa Webley ɗin da ke hannun hafsoshin ma samfurin 1915 ce, zamanin yaƙin duniya na farko. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai irin ta 'yan sandan da ce," in ji shi. "Sake ta mu gani."

Na sake ta. Ban kuma isa in tsayar ba, don duk lokacin da yatsana ya nufi wayar sai ya buge shi. Yaransa suka zagaye mu, motoci na wucewa babu mai tsayar da su. Gaba ɗayansu bayan Zulu suke, suna ta "kai, saura kaɗan!" Da na gaya musu wanda ya fito a matsayin Cetshwayo, sarkin Zulu, shi ne Mangosuthu Buthelezi, tattaɓa-kunnen sarkin na gaske, wanda daga baya ya zama babban ɗan siyasa a ƙasarsu, sai mai AKM ya saya mini ruwan leda. Har aka kira la'asar muna nan, na yi salla a bayan ogan.

Da batir ya kusa ƙarewa, ya ce in tura masa fim ɗin, ya kuma ce zan iya tafiya, amma in rage murya a motar haya. Ni kuma ganin ga shaida mai kaki, na roƙe shi alfarma ɗaya: ya faɗa wa Malam da bakinsa cewa ya ga sakatar. Ya karɓi wayar, ya sa ta a fili kowa na ji, ya gabatar da kansa da muƙaminsa, sannan ya ce, "Ka san wani tela daga Kano? Yana hannunmu a kan maganar bindigogin nan da kuka yi ciniki."

Aka yi shiru. Sai muryar mutumin da muka yi shekara ashirin muna cin tuwo kwano ɗaya ta fito, siririya:

"Yallaɓai, ni ko Kano ban taɓa zuwa ba. Wayar ma tsintarta na yi."

A bayan motar tumatir na ƙarasa Zariya bayan isha. Na tarar da ƙofar Malam da kwaɗo, maƙwabcinsa ya ce ya tafi ƙauye gaida mahaifiyarsa, bai faɗi ranar dawowa ba.