Wa Ke Zaɓa Mana Kalma Idan Muna Rubutu A Waya?

Duk wanda ya riƙe Nokia 3310 a farkon shekarun 2000 ya san wahalar tura saƙo. Harafin "s" yana kan lamba 7, sai ka danna sau huɗu kafin ya fito, in hannu ya zame kuma ka sake zagayowa. Manhajar da ta rage wannan wahala sunanta T9, kamfanin Tegic na birnin Seattle a Amurka ne ya ƙirƙiro ta a tsakiyar shekarun 1990. Kowane harafi dannawa ɗaya, waya kuma ta duba ƙamus ɗin da ke cikinta ta ga wace kalma ce ta dace da jerin lambobin. Matsalar ita ce lambobi ɗaya kan haifar da kalmomi da yawa. A wancan madanni 7262 zai iya zama rana, ko sama, ko rama. Sai manhajar ta fara kawo wadda aka fi yawan amfani da ita, in ba ita kake nufi ba ka tura zuwa ta gaba.

Wannan ƙaramar doka, cewa abin da aka fi yawan faɗa shi ke zuwa gaba, ita ce har yau take tafiyar da madannin wayarka, komai ƙyalƙyalinsa. Kuma a kanta nake da magana.

Sai dai kafin suka, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Waɗanda suka kafa Tegic, irin su Martin King da Cliff Kushler, daga aikin taimaka wa masu lalurar da ta hana su magana ko motsa hannu suka taso. Ga mutumin da kowace dannawa take ci masa ƙarfi, rage harafi uku a kalma ba ƙaramin abu ba ne. A 2014 kamfanin SwiftKey na Landan, mai yin madannin waya da ke hasashen kalma, ya haɗa hannu da kamfanin Intel aka sabunta na'urar da Stephen Hawking yake magana da ita, masanin kimiyyar da tsokar kumatunsa kaɗai yake iya motsawa ya zaɓi harafi. Wanda ya ce hasashen kalma kayan ragwaye ne, bai tuna da irin waɗannan mutane ba.

Daga baya abin ya koma harkar manyan kuɗi. Kamfanin AOL ya sayi Tegic a 1999, kamfanin Nuance ya karɓe shi a 2007 a kan dala miliyan 265, sannan a 2011 ya ƙara da Swype, wancan madanni na jan yatsa a kan haruffa da Kushler ya sake ƙirƙirowa. A 2016 Microsoft ta sayi SwiftKey a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala miliyan 250. Haƙƙin ƙirƙira a Amurka shekara 20 ne, don haka takardun farko na T9 sun daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage mai tsada yanzu shi ne tarin rubutun mutane, wato sanin cewa bayan "ina" yawanci "kwana" ke zuwa da safe. Wannan kuwa mu ne muke bayarwa kyauta, kullum, da manyan yatsunmu.

Kamar mai shayin da ya saba da kai ne, kafin ka zauna a benci ya fara haɗa maka madara da suga yadda ka saba. Yana da daɗi, har ranar da kake son ruwan bunu. To shi mai shayi kana iya ce masa yau canza, ya yi dariya ya canza. Waya kuwa in ka bar gyaran kai tsaye a kunne, ba ta tambayarka, musanya kalmar kawai take yi ka tura. Duk mai rubuta Hausa a madannin da aka saita shi a Turanci ya sha ganin yadda gaisuwa ke komawa wata kalmar da ba ta da kai ba ta da gindi, bayan saƙo ya riga ya isa wurin surukai.

A wurinmu akwai abin da ya fi kunyar saƙo ɗaya nauyi. Madannin Gboard na Google yana da Hausa, kuma ƙ da ɗ da ɓ suna nan in ka danna ka riƙe. Amma rubutun Hausa da ya cika Facebook da WhatsApp mafi yawansa ba ƙugiya, saboda an yi shekaru ana rubutu da madannan da ba su da ita. Manhaja kuma ba ta san daidai ba, rinjaye ta sani. In ka saba rubuta "kasa" alhali "ƙasa" kake nufi, za ta koya daga gare ka, gobe ta miƙo maka ita, ka danna, ta ƙara tabbatarwa. Haka kuskure ke zama gida. Ga kuma bambancin da ke tsakaninmu tun asali: a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya 'y. Basakkwace mai cewa "mi", Bakano mai cewa "me", duk madanni ɗaya suke dannawa, kuma wanda rubutunsa ya fi yawa shi zai riƙa fitowa a layin kalmomin da ke saman madanni. Ba wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci, ba a kira taron malaman harshe ba, lissafi ne kawai ya bayar.

Akwai masu cewa ai harshe dama canzawa yake yi, kuma mutane na fahimtar juna ko ba ƙugiya. Gaskiya ne, a hira. Amma yaron da ke koyon rubutu yau ya fi ganin Hausa a fuskar waya fiye da a littafi, kuma abin da ke bayyana a saman madanni yana kama masa da amsar malami.

Batun sirri ma na nan. A 2016 SwiftKey ta dakatar da wani ɓangare na hidimarta bayan wasu sun ga adireshin imel na mutanen da ba su sani ba yana fito musu a matsayin hasashe. Google ta ce tun 2017 tana horar da Gboard ta hanyar da rubutunka ke zama a wayarka, abin da manhajar ta koya kaɗai ake turawa. Wannan ci gaba ne, amma mai waya a Kasuwar Kwari ba shi da hanyar bincika hakan, yarda kawai zai yi.

Ni ban ce a kashe hasashen kalma ba. Na ce a raba tsakanin shawara da yanke hukunci: a bar layin da ke miƙo kalmomi uku, a kashe wanda ke musanyawa da kansa, duka biyun suna cikin saitin madanni. Gidajen jarida da na rediyo masu shafukan Hausa kuma, tunda rubutunsu na cikin abin da injinan nan ke iya kwasa a fili, su tilasta ƙugiya a kowane labari, har da kanun da ake sawa cikin gaggawa a shafukan sada zumunta.