Yaron da fatar idonsa ta sauko, ku daina cewa in ya girma za ta buɗe

Jama'a, nan Yamai sai ka ga yaro an haife shi fatar idonsa ta sama ta sauko ta rufe rabin ido, in zai dube ka sai ya ɗaga haɓa sama ya tattare goshi, amma iyaye na cewa ai gado ne, kakansa ma haka yake, ko a ce baccin ido gare shi. Wallahi abin na ci mini rai. Tsokar da ke ɗaga fatar ce ba ta ginu da ƙarfi ba tun cikin ciki, kuma girma bai gyara ta.

In fatar ta rufe baƙin ido to ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da wannan idon, ta saba da ɗayan, kuma ganin yaro zuwa wajen shekara 7 ko 8 yake gama ginuwa, bayan nan ko an ɗaga fatar da wuya ganin ya dawo daidai. Shi ya sa ban yarda da masu cewa aikin ɗaga fatar na kwalliya ne kawai ba.

Lokotoron ido yana auna motsin fatar, in bai wuce milimita 4 ba tsokar ba ta da abin da za ta iya, sai a yi dabara a rataye fatar ga tsokar goshi. Ana ɗan tsaga wurare ƙanana saman gashin ido da saman gira, a zura siririn zare na silikon (wata irin roba mai laushi) ta ƙarƙashin fata, ko a yanko wata farar jijiya daga cinyar yaron in ya kai shekara 3 ko 4, to daga nan duk sanda ya ɗaga gira ido ya buɗe. Ba aikin amodari ba ne da ake yi ma tsofaffi in gashin ido ya juya ciki, kar a haɗa su.

Gaskiya ba a ɓoye ta, bayan aikin idon bai rufewa ruf in yana bacci, dole uwa ta riƙa sa mishi man ido da dare don kar ya bushe, kuma zaren na iya saki bayan shekaru a sake aikin. Duk da haka ni dai na fi son wannan wahalar da a bar ido ya mutu yaro na lakwal bai ganin allo.

Babba kuwa da fatarsa ta faɗi farat ɗaya, balle in yana ganin abu biyu biyu ko kai na sara mishi, wannan daban ne, a kai shi likita ranar.